Iyayen Yara a Roxy da Treichville: Hadda Daban, Karatu Daban

Tun shekarar 2015 doka ta wajabta wa kowane yaro a Kwaddibuwa zuwa makaranta daga shekara 6 har 16. Mutanenmu na Adjamé da Treichville sun bi, masha Allah. Da sassafe za ka ga yara sanye da kayan makaranta suna kutsawa tsakanin motocin gbaka da 'yan dako. To amma zuwa makaranta kullum ba shi ne iya karatu ba. Binciken PASEC na 2019, wanda aka yi a ƙasashen Afirka 14, ya nuna cewa a nan ƙasar, cikin yara 10 da ke ajin ƙarshe na firamare, kusan 4 ne kawai ke karanta rubutu su fahimce shi yadda ya kamata. Sauran fa? Wataƙila ɗanka na cikinsu, Alhaji, kai kuwa kana ganin yana fita da jaka kullum.

Tushen abin yana CP1 da CP2, azuzuwan farko na firamare. A nan yaro ke koyon cewa kowane baƙi yana da sautinsa, ya haɗa baƙi da wasali ya fitar da gaɓa, gaɓoɓi su ba shi kalma. Malaman allo sun riga kowa sanin wannan, shi ya sa ba sa tsallake babbaƙu da farfaru. Sai dai ɗanmu na Abijan yana ɗauke da kaya biyu. A gida Hausa yake ji, a kasuwa Jula, a layi Nushi, sannan a aji a ce ya karanta Faransanci, harshen da bai gama ji ba. Rubutun Faransanci kuma ba ya bin baki yadda namu ke bi: sauti guda ana rubuta shi o, ko au, ko eau, ga haruffan ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a furtawa.

Me yaro mai wayo zai yi? Mushe, wato malami, ya karanta jimla, aji cike maƙil ya maimaita da ƙarfi, shi kuma ya haddace. Ya dawo gida ya buɗe littafi, ya zubo shafi guda tiryan-tiryan, uwa ta yi guɗa a ranta. Hajiya, gwada shi. Rufe hoton da tafin hannu, ki ɗora yatsa a kan kalmar ƙarshe, ki ce ya faɗa. In ya ɗaga ido sama yana son farowa daga farkon layi, to hadda ce. Ko ba ki yi boko ba, za ki gane.

Daga CE1 zuwa CE2 ake sa ran harshe ya sake, yaro ya daina tsayawa kan kowace gaɓa, hankalinsa ya koma kan ma'ana. Daga nan ba a ƙara jiran kowa. Lissafi ma ya zama labari da sai an karanta kafin a warware, shi ya sa za ka ji uba na cewa ɗansa ba shi da kan lissafi, alhali tambayar ce bai iya karantawa ba. A CM1 da CM2 shifta da insha'i suke tona asiri, ga jarrabawar CEPE tana jira.

Wanda ya lallaɓa ya shiga kolej da wannan raunin, shekara huɗun da ke tsakaninsa da jarrabawar BEPC azaba ce. Kowane fanni da malaminsa, ga Ingilishi ya shigo, ana shafe allo kafin ya gama kwafa. Sai ya fara fashi, a ce ya lalace, a ƙarshe a zaunar da shi a shago ko wurin sayar da garba. Ciniki ba abin kunya ba ne, da shi muka zo garin nan. Amma a kasuwar Roxy, inda ake baje magani a faranti, wanda bai iya karanta sunan magani da ranar ƙarewar aikinsa a jikin kwali ba, ransa da na iyalinsa yake wasa da shi.

Ceton yaro yana da sauƙi tun yana CP ko CE1. A sa shi ya karanta da ƙarfi kowane dare, ko na minti goma ne, sannan ya faɗi abin da ya karanta da Hausa. In ya iya mayarwa, ya fahimta. A ba shi rasiɗi ko allon shago ya karanta, ya rubuta cefanen gida da hannunsa. Wanda ke matse ido ko yawan cewa "me?", a kai shi asibiti a duba ido da kunne kafin a ɗauki bulala. 'Yan mata kuma a rage musu tallar yamma.

Iyaye maza, kada ku jira takardar sakamakon ƙarshen shekara. Ku rufe shago na awa guda a wannan zangon, ku je ku ga malamin ɗanku, ku tambaye shi kai tsaye: yaron nan yana karantawa, ko haddacewa yake yi?