Maƙeran Tirela na Cikin Kwamfuta da Agogon Direba

A birnin Furag na Jamhuriyar Cek akwai wani kamfani, SCS Software, da aka kafa a 1997, wanda ma'aikatansa ke cin abinci da ƙera manyan motoci da hanyoyi a cikin kwamfuta. Su ne suka fitar da Euro Truck Simulator 2 a watan Oktoban 2012, sannan American Truck Simulator a Fabrairun 2016. Babu harbi a wasannin nan, babu tsere. Mutum zai ɗauki lodi a Jamus ya kai Italiya, ya tsaya a danja, ya sha mai, ya yi ribas da tirela cikin farfajiyar kamfani ba tare da ya goge bango ba. Wanda bai taɓa gwadawa ba sai ya yi dariya, amma ga shi an haura shekara goma ana saye ana bugawa.

Sana'ar tana da rassa. Akwai masu zana motar kanta, waɗanda ke zuwa wurin kamfanoni irin su Scania da Volvo da DAF su ɗauki hoton kowane lungu na kan mota, daga sitiyari har maɓallan da ke jikin ƙofa. Akwai masu naɗar sauti, su manna makirfo a jikin inji da salansa don kukan motar ya fito yadda yake. Akwai masu taswira, da sukan yi tattaki su gano yadda allunan hanya da gidajen mai da rufin gidaje suke a ƙasar da za su zana. Ko sunan mota ba a sa shi sai da lasisi. Shi ya sa a farkon wasan motar Mercedes-Benz ta fito da sunan aro, Majestic, sai daga baya aka daidaita. Ta fuskar abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji, maƙeran nan sun gama kai wa.

Inda aikin ya yi musu gardama shi ne wani ɗan akwati da ke saman gilashin gaba, wanda bai fi rediyon mota girma ba. Takograf ke nan. Duk direban babbar mota a Tarayyar Turai da shi yake kwana yake tashi. Da asuba, kafin ya taɓa giya, zai zura katinsa mai hoto a ciki, ya zaɓi ƙasar da yake fara aiki. Allon yana da alamomi huɗu: sitiyari na nufin tuƙi, guduma biyu a gicciye na nufin wani aiki kamar lodi ko duba taya, akwati mai layi a karkace na nufin zaman jira, gado kuma hutu. Da taya ta juya, na'urar da kanta take komawa kan sitiyari, ba ruwanta da ra'ayin direba ko na maigidansa. A da faifan takarda mai kakin zuma ake sawa, allura tana karce shi. Daga Mayun 2006 sabbin motoci suka koma na lantarki. Jami'in hanya kan tsayar da mota ya zare bayanan makonnin baya, kuma laifin da aka yi a Foland ana iya cin tararsa a Faransa.

Dokar da akwatin ke gadi ita ce mai lamba 561 ta 2006, kuma ta shafi motocin kaya da suka wuce tan uku da rabi. Bayan tuƙin awa huɗu da rabi dole a huta minti 45, ko a raba shi 15 sannan 30, ba a juya tsarin. Tuƙin yini awa 9 ne, ana iya kai shi 10 sau biyu a mako. A mako kada a wuce awa 56, a mako biyu a jere kada a wuce 90, wato wanda ya cika cikinsa a makon farko saura masa 34 kacal a na biyu. Hutun dare awa 11, ana iya rage shi zuwa 9 sau uku tsakanin hutun mako da hutun mako. Hutun mako cikakke awa 45 ne, kuma tun hukuncin kotun Tarayyar Turai na Disambar 2017 ba a yarda a yi shi a cikin kan mota ba. Amurka tana da nata lissafin: tuƙin awa 11 a cikin tazarar awa 14, hutun minti 30 bayan tuƙin awa 8, awa 70 a kwana takwas, sannan hutun awa 34 da ke mayar da ƙidaya farko. A can ma tun Disambar 2017 na'ura ta karɓi aikin littafin da direbobi ke cikewa da biro, wanda kowa ya san ana yi masa kwaskwarima.

Wannan lissafi shi ne rabin sana'ar tuƙin nesa. Direban da ya ƙware, tun da hantsi yake tunanin inda zai kwana, domin wuraren fakin da ke manyan hanyoyin Jamus kan cika tun da yamma. Idan ya rage masa minti 20 ya shiga tasha ya tarar ba masaka tsinke, zaɓi biyu ne gabansa, kuma duka laifi ne: ya wuce lokacinsa, ko ya tsaya inda aka hana. Wanda ya saba ganin tireloli jere a bakin titi a Tafa ko Mararrabar Jos ya san girman motar da ake neman wa makwanci. A Amurka matsalar ta kai ga rai: a 2009 aka kashe wani direba, Jason Rivenburg, a wani gidan mai da aka daina amfani da shi a jihar Karolina ta Kudu, inda ya tsaya ya kwana, kuma dokar 2012 da ta tanadi kuɗin gina wuraren fakin sunansa take ɗauke da shi.

To me wasan ya yi da duk wannan? Shekara da shekaru abin da ya tanada shi ne ma'aunin gajiya guda ɗaya. Hoton gado yana cika a hankali, direba ya fara hamma, allon ya riƙa dushewa, in ka yi taurin kai a ci ka tara. Ka nemi wuri mai alamar gado, ka danna maɓalli, awa 9 ta wuce cikin ƙiftawar ido a wasan Turai, awa 10 a na Amurka. Wurin kwana kuwa kullum akwai shi, kamar an ajiye maka. Wanda abin ya dama ma yana iya kashe shi gaba ɗaya.

Ba lalaci ne ya jawo haka ba, kuma a nan ne wahalar sana'ar take. Taswirar wasan an matse ta: kilomita 19 na duniya sun koma kilomita ɗaya a yawancin wasan Turai, na Amurka kuma 20. Agogo ma haka yake gudu. Tuƙin awa huɗu da rabi kusan minti 14 ne a agogon bangon ɗakin mai wasa, kuma tuƙin yini guda bai cika rabin awa ba. Idan aka ɗora dokar yadda take, duk bayan kwata ɗin awa sai mutum ya nemi wurin tsayawa. Kuma da ka shiga gari agogon yana sassautawa ya koma ninki uku, saboda haka hutun minti 45 a cikin gari zaman minti 15 ne kana kallon allo, sai fa in an ba ka hanyar tsallake shi. Daga nan sai sauran aiki ya biyo baya: wa'adin kai kaya na kowane lodi sai an sake lissafa shi, wuraren fakin da aka zana da tazarar da ta dace da barci ɗaya a yini sai an ƙara su a taswirar da ta ratsa ƙasashe da dama, hutun cikin jirgin ruwa yana da ƙa'idarsa daban, ga kuma masu tafiya ayari ta intanet da kowa ke da nasa ragowar lokaci. Ƙaramin akwati ne, amma taɓa shi taɓa dukan ginin ne.

Giɓin da aka bari 'yan sa-kai ne suka shiga cike shi. Kamfanin ya buɗe wata ƙofa da ke ba manhajojin waje damar karanta abin da motar ke yi: gudunta, agogon wasan, man da ya rage, ko an ja birkin hannu. Da wannan wasu ke rubuta takograf nasu, su ɗora a waya ko ƙaramin allo kusa da sitiyarin roba, yana ƙirga mintuna yana gargaɗi. Akwai ƙungiyoyin 'yan wasa da ke tafiyar da kansu kamar kamfanin sufuri, da manaja da rajistar tafiye-tafiye, ta manhajoji irin su TrucksBook. Cikin masu wannan ƙoƙari har da direbobin gaske, mutumin da ya wuni agogo na binsa ya dawo gida ya kunna wasa ya ce a mayar masa da agogon. Sai dai aikin ɗan sa-kai yana da iyaka. Manhajarsa tana iya ƙirgawa, amma ba ta iya cika tasha da motoci da ƙarfe shida na yamma, ba ta iya sa jami'i ya tsayar da kai ya nemi katinka.

Masu adawa da saka takograf a wasan suna da hujja. Da yawa suna kunna wasan ne don su huce gajiyar aiki, su saurari rediyo suna kallon gari na wucewa, ba su zo neman wani maigida ba. Ba na ganin laifinsu. Amma kamfanin ya daɗe da warware irin wannan saɓani: tarar 'yan sanda da gajiya da ƙa'idar gudun kilomita 90 duk ana kunnawa ana kashewa. Takograf cikakke, mai hutun rana da lissafin mako da tasha mai cika, zai iya zama haka, a bar shi a kashe ga wanda bai so. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, kuma ba ya ɗaukar ido a hoton talla kamar sabuwar Scania. Duk da haka, kamfanin da ya iya tura mutum ya naɗo ƙarar rufe ƙofa bai kamata ya bar abin da ke yanke wa direba lokacin cin abinci da wurin kwana a hannun 'yan sa-kai ba.