Haɗa Dogon Haske da Gajere a Fitilar Mota: Riba ko Hasara?

Direban da ke bin hanyar Sabon Birni zuwa Isa da dare yana fama da duhu, da ramuka, da dabbobi masu ƙetare titi. Don haka wasu kan sa mai gyaran wayarin mota ya sauya haɗin wayoyi, domin dogon haske da gajere su riƙa ci tare. Shin mene ne hukuncin kimiyya a kan wannan dabara?

Ƙwan fitila samfurin H4 yana da siraran zare biyu na ƙarfe cikin gilashi ɗaya: na dogon haske mai wat 60, na gajere mai wat 55. An ƙera su ne domin in ɗaya ya kama, ɗayan ya mutu. A batir mai bolt 12, na farko yana jan amfiya 5, na biyu kimanin 4.6. In suka ci tare, wayar da suke tarayya a kanta za ta ɗauki kusan amfiya 9.6. Bisa ƙa'idar da James Joule ya gano, idan wutar da ke bin waya ta ninka biyu, zafinta yakan ninka huɗu. Ta haka soket ke narkewa, ƙwai ya ƙone, wani lokaci ana tsakiyar tafiya.

Bugu da ƙari, dogon haske yana kashe idon direban da ke tahowa, kuma a lokacin hazon hunturu ƙura takan mayar da shi idon mai tuƙi.

Abin da ya fi shi ne a goge gilashin fitila, a saita ta daidai, a rage gudu. Mai buƙatar ƙarin haske kuwa, sai ya sa fitila ta daban mai wayarta da fis ɗinta.