GASHIN TSUNTSU NA ADO DA GUNTAYEN ZARE

An gama kaka. Hatsi ya shiga rumbu, an ɗaure harawa an ɗora bisa icce. Ɗari ya shigo, masu kwarashi sun zauna saƙar hulunan jarirai da safa da rigunan sanyi. Duk wadda ta taɓa wannan aiki ta san abin da ke saura in dunƙulen ulu ya ƙare. Guntu kamar taƙi, guntu kamar kamu, ja kaɗan, shuɗi kaɗan. Bai isa hula ba, bai isa safa ko ta ƙafa guda ba. Sai a share shi a kai juji.

To, a juji kaji ke tono, nan kuma awaki ke kiwo da rani. Zare in ya nannaɗe yatsan ɗan tsako, yana ƙara shaƙewa ne kullum, jini ya daina gudu, yatsan ya kumbura, wata sa'a ya guntule. Akuya kuwa haɗiye shi ta ke. Ulun da a ke sayarwa a kanti, mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne, dangin roba ne. Tumbin akuya ba ya narka shi, kamar yadda ba ya narka leda. Yana taruwa da sauran tarkace ya dunƙule. Akuya tana ci tana ramewa, mai ita yana ta neman magani.

Akwai abin da a ke yi da waɗannan guntaye wanda dogon zare bai fi su iyawa ba. Shi ne gashin tsuntsu na ado, wanda a ke ratayawa a ɗaki, ko a jikin makulli, ko a bakin labule.

KU DUBI GASHIN ZABO TUKUNA

Kafin ku taɓa zare, ku sami gashin fiffiken zabo ko na wutsiyar zakara, na tsuntsun da aka yanka lafiyayye. Ku duba shi da kyau. Akwai kara a tsakiya, mai kauri a gindi, siriri a kai. A gindin karan akwai wuri fayau, ba kome. Daga nan sai sili-sili suka fito dama da hagu. Ba a miƙe su ke ba, duk sun karkata wajen kai. Na tsakiya sun fi tsawo, na kai gajeru ne.

Aikin ke nan duka. Kara guda mai ɗan tsawo, da gajerun sili masu yawa. Karan da kwarashi za a saƙa shi. Silin kuwa guntayen nan ne da a ke zubarwa. Wadda ta iya tuntu ta riga ta iya rabin aikin.

Kaya ba su da yawa: ƙugiyar kwarashi, almakashi mai kaifi (wasu na ce mishi sizo), mataji mai ƙananan haƙora, allura, guntun kwali, da sitaci ko ƙaro. Wadda ba ta da ƙugiya, maƙeri na iya lanƙwasa mata siririn ƙarfe ya goge bakinsa, ko a fiƙe ta daga icce mai tauri. Abin lura shi ne bakin ya yi santsi, kada ya riƙa tsage zare.

WANE IRIN ZARE NE A HANNUNKU?

A nan a ke yawan yin ɓarna, don haka za mu ɗan daɗe. Guntaye daga wurare da yawa su ke fitowa. Akwai ragowar kwarashi. Akwai ta masu ɗinkin hula da teloli masu aikin wuyan riga. Akwai ƙarshen zaren da masaƙa ke yankewa in sun sauke saƙa. Akwai tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo da ta mutu, wadda a ke warwarewa. Akwai kuma abawa, ta tsofaffin da ba su aje mazari ba har yanzu. Duk suna yi, amma ba hali guda gare su ba.

Ga yadda a ke gane su. A ɗauki ɗan guntu, a riƙe shi da tsinke, a kusanta shi da ashana, a waje, nesa da yara da zana. In ya ci da sauri, yana ƙauri irin na takarda, ya bar toka mai laushi, to auduga ce. In ya yi ƙaurin gashi, ya bar baƙin abu mai murmushewa tsakanin yatsu, ulun tunkiya ne na gaske. In kuwa ya narke yana ɗiga, ya bar baƙin ƙullutu mai tauri in ya huce, to na roba ne. Kada a taɓa shi da zafinsa, yana liƙewa a fata.

Auduga ita ce sarauniya a wannan aiki. Tana tajuwa sumul, tana shan sitaci, tana karɓar rini. Fara ce? A kai ta marina ta sha baba, ko a dafa ta da karan dafi ta yi ja. Ulun roba ya fi launi mai haske, ga shi da yawa, amma rinin gargajiya ba ya kama shi, sitaci ma da ƙyar. In an taje shi yana tashi buzu-buzu kamar gashin ɗan tsako. Wannan ma yana da kyaunsa, sai dai a san da shi. Kuma kada a kuskura a ɗora mishi dutsen guga mai zafi. Narkewa zai yi.

Zaren da aka warware daga tsohuwar riga yana fitowa a murɗe. A jiƙa shi, a rataye, a ɗaura ɗan dutse a ƙasa. In ya bushe ya miƙe.

YADDA A KE YI

Na farko, kara. A sami zare mafi tsawo cikin guntayen, a ruɓanya shi biyu don ya yi ƙarfi. A saƙa sarƙa mai ido 30. Da ulu matsakaici za ta kai wajen taƙi guda. Sa'an nan a komo baya bisa sarƙar, ana zarge kowane ido, har a iso mafari. Wannan komowa ita ke sa karan ya tsaya. A ƙulle, a bar ɗan hanko na ratayawa.

Na biyu, sili. A yanka kwali mai faɗin santimeta 6, kamar faɗin yatsu huɗu na mace. A nannaɗa zare a kai, a datse ta gefe guda. Kowane guntu zai fito santimeta 12. Guntun da bai kai a nannaɗa ba, a gwada shi da waɗannan a yanke.

Na uku, ɗauri. A bar ido 10 na wajen hanko fayau, gindin gashin ke nan. Saura ido 20. A ninka guntu biyu. A zura ƙugiya a gefen dama na ido, a kamo tsakiyar guntun, a jawo ta ta fito kamar zobe. A zura bakuna biyu cikin zoben, a ja har ya ɗaure tamau. A yi haka a gefen hagu na wannan ido. Sa'an nan ido na gaba, dama da hagu, har a kai ƙarshe. A kai can, a ɗaura guntu ɗaya ko biyu su miƙe gaba.

Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ga lissafi. Ido 20, kowane guntu 2, guntu 40 ke nan. Guntu 40 sau santimeta 12 ya ba da santimeta 480. Bai cika mita 5 ba. Kuma kusan duka abin da da juji za shi ne.

Na huɗu, taza. Zare tufka ne, sili biyu ko uku ko huɗu aka murɗa. A fara warware tufkar da bakin allura. Sa'an nan a shimfiɗa bisa faranti, a danne karan da yatsa, a taje. Daga baki a ke farawa ana matsowa ciki sannu sannu. Wadda ta fara daga gindi za ta cukurkuɗa shi, ko ta tumɓuke ɗaurin. Kuma a tuna da gashin zabo: a karkata tazar wajen kai. Gashin da aka taje a miƙe dama da hagu, ƙashin kifi ya ke kama.

Na biyar, sitaci. A dama cokali guda na sitacin rogo da ruwan sanyi kaɗan, a zuba tafasasshen ruwa ana motsawa, har ya yi ruwa-ruwa, ya fi koko tsinkewa. A bari ya huce. Inda a ke samun ƙaro, kamar ƙasar Gure da gabas, a jiƙa ɗan dunƙule ya kwana, a tace da ƙyalle. A tsoma gashin, a matse a hankali, a shimfiɗa bisa faranti mai tsabta, a sake tajewa da danshinsa. A shanya a inuwa. Rana na cin launi, iskar hunturu kuma ƙura ta ke liƙa mishi.

Na ƙarshe, aski. Sai ya bushe ƙarau. A zana ganyen mangwaro bisa kwali a yanke, a ɗora bisa gashin, a bi gefensa da almakashi. Kaɗan kaɗan a ke ragewa, don abin da aka yanke ba ya komowa. In karan yana lanƙwashewa, a ɗinka siririn tsinken kaba ta bayansa.

Wajen launi, tsuntsayenmu sun isa malamai. Baƙi da fari a jere, shamuwa ke nan. Fari tas, balbela. Tsanwa, tsirya. Na zabo ya fi wuya kuma ya fi kyau: a yi shi da baƙi ko ruwan toka, bayan kowane guntu uku a sa fari guda. Wadda guntayenta suka zama gauraye kada ta damu. A jera daga mai duhu a gindi zuwa mai haske a kai.

NA JARIRAI DABAM NE

Gashin da aka taje ba a sa shi a hular jariri ko a kusa da shimfiɗarsa. Yana zubar da burtsatsin zare, jariri kuwa kome baki ya ke kaiwa. Ba ya kuma wankuwa, ruwa na taɓa shi sitacin ya tafi.

Na hula, duka da ƙugiya a ke saƙa shi, kuma yana son guntu mai ɗan tsawo. Bayan an yi kara, sai a yi sarƙa mai ido 6, a komo ana zargewa har jikin karan, a kama ido na gaba, a sake. Wajen tsakiya a kai ido 8, wajen kai a sauko 4, sa'an nan 3. A zagaya ɗaya gefen haka nan. Bai kai na taza laushi ba, amma yana shan wanki.

ME YA SA BA NA GASKE BA?

Wani zai ce, ga kaji da zabi cike da gari, me ya kai mu wahalar zare? Gashin gaske asu na cin shi, yana kuma ɗauke da ƙwarƙwatar kaji. Abin da ya fi wannan, gashin tsuntsun da ya mutu da ciwo yana iya ɗaukar ciwon. Mutanen Magarya ba su manta da murar tsuntsaye ta 2006 ba. Tsuntsun da aka tarar matacce, ba a fige shi don ado. A sanar da ma'aikatan kiwo.

Gashin da ya fi daraja a ƙasarmu kuwa na jimina ne. Da shi a ke yin figinin sarakuna, kuma a da ayari na ɗaukar shi daga Damagaram ya ƙetare hamada zuwa Tarabulus. Cikin shekarun 1990 aka kusa ƙarar da jiminun Ayar, har ta kai sai a killace a ke kiwon su, kamar a Kelle ta ƙasar Gure, don kada irin ya ɓace. Fiffiken zare ba ya cin ran tsuntsu ko guda.

ZANCEN KUƊI

Kada kowa ya ce muku wannan sana'a za ta sayi saniya. Kuɗin gishiri da sabulu ne, da littafin yaro. Kuma kasuwarsa ba ta da faɗi. In mata 20 a gari guda suka yi iri ɗaya, cikin mako biyu kowane ɗaki ya samu, ciniki ya tsaya.

Saboda haka a dubi lokaci. Bayan kaka a ke yawan bukukuwan aure, masu jeren ɗakin amarya na neman abin bango. Gashi 5 ko 7 a jere bisa kara guda, masu tsawo a tsakiya, sun fi guda-guda kuɗi. Gab da salla ƴan mata na son ƙanana. Masu babur na son na makulli, amma nasu a yi shi na saƙa, don aljihu na lalata na taza.

Mu ɗauki misali, ba farashin kasuwa ba. In an sayar da guda dala 20, guda 10 dala 200 ne, watau jika guda. Da guntaye aka yi, to kusan duka riba ce, ban da sitaci. Amma ranar da aka sayi sabon dunƙule don wannan aiki, sai a fara cire kuɗinsa, a kuma tambayi kai ko da hula aka saƙa da shi ba ta fi kawo kuɗi ba. Sau da yawa ta fi. A ganina, ba aikin da za a ci bashi dominsa ba ne.

Inda mata ke da asusu, irin na Mata Masu Dubara da aka soma a jihar Maraɗi a 1991, abin ya zo da sauƙi. Ranar zubi kowa ta zo da guntayenta, a zube bisa tabarma, a ware launi launi. Mai ja da yawa ta musanya da mai fari. Wadda ta iya rubutu ta riƙe littafi: nawa aka yi, nawa aka sayar, a wace kasuwa, wane launi ya fi tafiya. Mutum guda ta kai na kowa kasuwar mako, kuɗin mota ya zama ɗaya.

Wanda ba a sayar ba, a jera shi tsakanin kwali biyu, a ɗaure, a sa cikin kwano mai marfi. Kyankyaso da ɓera da gara duk suna son sitaci. Ɓarɓashin da almakashi ya zubar kuma a tara shi cikin buhu. In ya yi yawa ya cika matashin kai.