Wane Mai Ya Dace da Wuƙar Maƙera?

Wuƙar da maƙeranmu ke ƙerawa, sau da yawa daga tsohon sifirin mota, baƙin ƙarfe ce mai sinadarin kabon. Shi ya sa take ɗaukar kaifi nan da nan idan an wasa ta, mahauta kuma ba sa son rabuwa da ita. Aibinta guda: tsatsa. Wuƙaƙen kanti masu ƙyalli an gauraya ƙarfensu da kuromiyom, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke rufe fuskar ƙarfen. Ta maƙera ba ta da wannan kariya. Ruwa da iska suka taɓa ta, musamman in akwai gishiri, jini ko ruwan lemun tsami, kafin gari ya waye ta yi ja. Aikin mai kawai shi ne ya shiga tsakanin ƙarfen da danshi.

Kafin a zaɓi mai, a tambayi kai abu biyu: me wuƙar ke yankawa, kuma kwana nawa za ta yi a ajiye?

Wuƙar girki ta yau da kullum ba ta da wahala. A wanke, a goge ta bushe ƙarau, a shafa ɗigon man gyaɗa. Gobe za a sake wankewa. Matsalar tana ga wuƙar layya, wadda ake ajiyewa daga wannan Babbar Sallah zuwa waccan, ta ci damina guda a cikin akwati. Man gyaɗa, manja da man waken suya duk iska na sauya su. Bayan 'yan watanni sai su yi danƙo, su yi wari, su kama ƙura. Man shanu ɗanye ya fi muni, domin shi kansa da ruwa a cikinsa.

Ga doguwar ajiya, abin da ya fi shi ne farin man farafin na kemis, irin wanda ake sha don kumburin ciki na rashin bahaya. Ba ya wari, ba ya lalacewa, ɗan abin da ya saura a wuƙa kuma ba ya cutarwa. In aka narka shi da kakin zuma kaɗan, ya fi daɗewa a jikin ƙarfe. Maƙeran Japan sun daɗe suna shafa wa wuƙaƙensu man 'ya'yan itacen tsubaki, mai kyau ne, amma ba sai an yi odarsa ba.

Wanda ya kamata a guje wa gaba ɗaya shi ne baƙin mai na inji. Yana hana tsatsa, ba musu, sai dai cike yake da burbushin ƙarfe da sinadarai masu iya jawo ciwon daji. A bar wa fartanya da gatari. Man keken ɗinki da WD-40 su ma ba na wuƙar nama ba ne.

Kada a rikita tsatsa da duhun nan mai shuɗi-shuɗi da albasa da tumatir ke bari a ruwan wuƙa. Wannan yana ɗan kare ƙarfen, a ƙyale shi. Jan ne ake cirewa, da toka da jiƙaƙƙen tsumma.

Sai kube. Fata tana riƙe danshi, ga kuma ragowar sinadaran jima, don haka wuƙar da za ta daɗe a ajiye a zare ta, a shafa mata mai siriri, a naɗe ta da busasshiyar takarda, a ajiye kuben daban.