Hannu Mai Laushi: Al'adun Mahayan New York da Idon Alƙalinsu

An shafe fiye da shekara ɗari ana kwaso ƙasa daga bayan gari ana shimfiɗa ta a cikin zauren Madison Square Garden, a tsakiyar birnin New York, domin dawaki su sami abin takawa. Wasu attajirai masu sha'awar dawaki ne suka kafa wani bikin dawaki a 1883, suka sa masa suna National Horse Show, ana yin sa wajen farkon Nuwamba idan sanyi ya fara shigowa. Tun daga farko taron masu hali ne. Jerin sunayen mutanensa ne ya zama tushen littafin manyan gidajen birnin da aka fara bugawa a 1887, wanda duk gidan da babu sunansa a ciki ba a lissafa shi cikin masu faɗa a ji. Daren buɗewa maza kan zo da baƙar kwat da doguwar hula, mata da gwala-gwalai, kowane gida da rumfarsa a bakin fili. Wani mutum mai jar kwat yakan tsaya a tsakiya ya busa dogon siririn ƙaho irin na kekunan dokin da, sai a buɗe ƙofa mahaya su shigo. A 1909 shugaban bikin, Alfred Vanderbilt, ya gayyato hafsoshin sojan doki na Ingila, daga nan rundunonin ƙasashe suka riƙa zuwa karawa. A 1915 Eleonora Sears ta zama mace ta farko da ta shiga filin da ƙafa ɗaya a kowane gefen doki, a lokacin da mata ke zama a karkace, ƙafafu biyu a gefe guda.

Wanda ya tashi da kallon hawan sallah a Kano ko Katsina, idan aka zaunar da shi a wannan fili, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne shiru. Mu a wajenmu gwanintar barde a bayyane take. Ya saki doki a sukuwa, ya zo gaban sarki ya ja linzami a yi zamiya, ƙura ta tashi, ya ɗaga hannu ya yi jinjina, kowa ya ga wanda ya isa da doki. Ado ma a bayyane yake, daga jalala zuwa lifidi. Su kuwa mutanen New York gwaninsu shi ne wanda ba a ga abin da ya yi ba. Doki ya juya, ya ƙara sauri, ya tsallake shinge, ya tsaya, mai kallo bai ga hannu ya motsa ba, bai ga dunduniya ta taɓa ciki ba. Kusan duk wata doka da shawara da malaman hawa ke bai wa almajiransu a can daga wannan tushe ta fito.

Shirin yakan fara tun dare. Akwai mutanen da sana'arsu kitson gezar doki ce kawai: su hau ƙaramin benci a barga da tocila a goshi, su yi ƙananan kitso talatin ko arba'in a jere a gefen dama na wuya, su ɗaure kowanne da zaren ulu mai launin gashin dokin, su kitse saman wutsiya. Kafin asuba masu kula da barga, waɗanda da yawansu a yau mutanen Meziko ne da maƙwabtanta, sun wanke doki, sun goge sirdi da linzami, sun shafa wa kofato mai. Ba a kiran sunansu idan an ci, alhali kuwa rabin abin da alƙali ke yabawa aikin hannunsu ne. A sabon zauren Madison Square Garden da aka buɗe a 1968 a kan tashar jirgin ƙasa ta Penn, filin kansa a hawa na biyar yake. A lokacin da ake bikin a can, da ƙafa ake jan dawaki su haura wata doguwar hanya mai karkata, kuma wurin motsa jiki ɗan matsattse ne mai ginshiƙai, har mahaya kan tashi cikin dare don su sami damar kilisa a filin kafin jama'a su zo.

Shigar mahayi ba ta da hayaniya: kwat baƙa ko shuɗiya mai duhu, wando mai launin ƙasa-ƙasa, dogayen baƙaƙen takalma har gwiwa, safar hannu, hular kwano. Mace ta tura gashinta duka cikin hula. Lamba ake ɗaura wa kowa a baya, da ita alƙali ke sanin mutum.

Gasar tsallake iri uku ce, kuma wanda bai rarrabe su ba zai yi ta mamakin hukunci. Ta farko lissafi ce zalla. Sanda ta faɗi, laifi huɗu. Doki ya turje a gaban shinge, laifi huɗu. A manyan gasa idan ya sake turjewa an fitar da shi. An wuce lokacin da aka yanka, a ƙara laifi. Waɗanda suka fita ba laifi su sake karawa a gajeren zagaye, mai sauri ya ɗauka. Nan babu ruwan kowa da kyan zama. Ta biyu ta samo asali daga farautar yanyawa a kan doki da Turawan Ingila suka kawo, kuma dokin ake dubawa: tafiyarsa ta zama ɗaya daga farko har ƙarshe, ya naɗe gwiwoyinsa biyu daidai a kan shinge, ya lanƙwasa baya, kada ya kwantar da kunne ko ya yi ta kaɗa wutsiya don fushi. Bayan an gama a irin wannan aji akan sa a sauka, a ja dawakin da suka yi fice da hannu a sassarfa a gaban alƙali, wanda aka ga yana ɗingishi ya rasa matsayinsa komai kyan tsallakensa. Ta uku ita ce ta mahayi, kuma ita ce zuciyar al'adar.

Salon zaman da ake nema ba daɗaɗɗe ba ne sosai. A da mahayan Turai kan jingina baya idan doki zai tsallaka, su riƙe bakinsa gam. Wani hafsan sojan Italiya, Federico Caprilli, wanda ya rasu a 1907, shi ya nuna cewa a rage tsawon likkafa, mahayi ya ɗan sunkuya gaba ya ɗaga nauyinsa daga bayan doki, ya bar masa wuyansa ya miƙe. Sojan dokin Amurka suka ɗauka, tsofaffin hafsoshin Rasha da suka gudo bayan juyin juya hali, irin su Vladimir Littauer wanda ya buɗe makarantar hawa a New York a 1927, suka koya wa farar hula. Abin da malami ke maimaita wa yaro har ya gaji da ji shi ne: dunduniya ƙasa, ido gaba, ƙafa ta tsaya kusa da majayi kada ta yi lilo, daga gwiwar hannu zuwa bakin doki ya zama layi ɗaya miƙaƙƙe. A riƙe linzami kamar yadda ake riƙe ɗan tsako, kada ya kuɓuce kuma kada a matse shi. A sassarfa mahayi yana tashi yana zama bisa takun ƙafar gaba ta wajen shinge, kuma idan ya kuskure ƙafa alƙali zai gani daga nesa. A ƙaramar sukuwa ƙafar gaba ta cikin da'ira ce za ta jagoranta, in an sauya hanya doki ya sauya ƙafa a cikin iska ba tare da ya tsaya ba.

Kafin a fara, a ajin lissafi da na mahayi akan bar masu karawa su shiga fili da ƙafa su taka hanyar tare da malamansu. Za ka gan su suna dogon taku suna ƙirgawa a zuci. Ana ɗaukar takun doki a sukuwa ƙafa 12 ne, a ware ƙafa 6 ta sauka da ƙafa 6 ta tashi, saboda haka shinge biyu da ke da ƙafa 72 a tsakani taku biyar ne. Wanda ya yi shida ya nuna dokinsa ya yi sanyi, wanda ya yi huɗu ya nuna doki ya ƙwace masa. Babban abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne ganin inda doki zai tashi tun yana nesa, a gyara tun a kwana, a hankali, maimakon a zo dab da shinge a fizga ko a sa ƙaimi. Tsofaffin malamai kan ce wa yara alƙali ya fara kallonka tun ka sako kai a ƙofa, bai kuma daina ba sai ka fita, don haka kada ka saki jiki bayan shingen ƙarshe. Idan ka yi kuskure kada ka girgiza kai, kada ka huce a kan doki, ka ci gaba.

A nan nake ganin akwai abin da ya kamata masu dawakinmu su tsaya su duba. Linzaminmu na gargajiya mai zobe da harshen ƙarfe shi ke ba da zamiyar da muke alfahari da ita, amma duk wanda ya tsaya kusa da dawaki bayan an tashi daga hawa ya san sau nawa ake ganin jini a bakinsu da gefen cikinsu. A irin wannan gasa jini a baki ko a ciki yana iya sa a fitar da mahayi. Tausayin doki yana da tarihi a New York, domin a can Henry Bergh ya kafa ƙungiyar kare dabbobi ta ASPCA a 1866, bayan ganin irin dukan da dawakin keke ke sha a kan titi. Wani jigon ƙungiyar, Alfred Maclay, shi ya sa kofi a 1933 domin yaran da ba su wuce shekara 18 ba, a ba wanda ya fi iya hawa da tausayin doki.

Kofin Maclay ya zama babban burin yaran Amurka masu hawa. Shingensa bai da tsawo ainun, ƙafa uku da rabi ne, wahalar tana cikin kwana masu tsauri da tazarar da aka shirya don ta gwada tunani. Bayan zagayen farko a tace, a kira waɗanda suka rage su zagaya tare ba tsallake, sannan a zo gwaji na ƙarshe. Alƙalai na iya cewa a cire ƙafa daga likkafa a tsallaka haka, ko a tsaya cak a ja da baya, ko kuwa, wanda ya fi tayar da hankali, yara su yi musayar dawaki, kowa ya hau wanda bai taɓa hawa ba. Nan ake gane wanda dokinsa ke rufa masa asiri. William Steinkraus ya ci kofin a 1941, kuma shi ne ya samo wa Amurka zinariyarta ta farko ta mutum ɗaya a tsallaken doki a gasar Olamfik ta Meziko a 1968.

Shi ma alƙali yana da nasa ladubban. Yakan zauna a gefe da takardarsa, yana yi wa kowane shinge ɗan zane da shi kaɗai ya san ma'anarsa, yana jera lambobi daga sama zuwa ƙasa yayin da mahaya ke shigowa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci fiye da ɗari a yini. Ba ya yi wa ɗansa ko almajirinsa alƙalanci. Mai ƙorafi ba ya tunkararsa kai tsaye, sai ya nemi izini ta hannun jami'in da ke kula da dokoki. Kyautar kuwa ƙyalle ce da aka naɗe kamar fure ake maƙala wa doki a gefen kunne: shuɗi na ɗaya, ja na biyu, rawaya na uku, fari na huɗu. A Ingila ja ne na ɗaya, abin da kan rikita baƙo.

Hukuncin ido ba ya rabuwa da tsegumi. Akan ce alƙalai sun san fuskokin almajiran manyan malamai, kuma gaskiya ce a fili cewa dokin da ya ƙware a wannan aiki kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Yarinya mai baiwa a kan doki mai gardama za ta sha wuya a gaban wadda iyayenta suka sayo mata wanda ya haddace aikin, kuma wannan tabo ne da al'adar ba ta wanke ba har yau. Shi ya sa mutanen wurin ba sa gajiya da labarin Snowman. Harry de Leyer, baƙo daga Holan mai koyar da hawa a wata makarantar 'yan mata a Long Island, ya isa kasuwar dawaki a Pennsylvania a makare a 1956, ya tarar an loda waɗanda ba su sami mai saye ba za a kai mayanka. Ya ba da dala 80 ya sauko da wani farin dokin noma. Daga baya ya sayar wa maƙwabci, dokin ya riƙa tsallake shingaye yana dawowa gida, a nan ya gane abin da ke hannunsa. A 1958 dokin ya zama zakaran tsallake a Madison Square Garden, ya kuma maimaita a 1959. A ajin lissafi ya yi wannan, inda sanda ce ke yanke hukunci.

Birnin ya yi wa dawaki ƙunci daga baya. Bikin ya koma New Jersey a 1989, ya dawo a 1996, ya yi na ƙarshe a zauren a 2001, a 2011 kuma ya sauka Lexington ta jihar Kentucky tare da kofin Maclay. Bargar Claremont da ke titi na 89, inda mutanen Manhattan ke hayar doki su yi kilisa a Central Park tun ƙarshen ƙarni na 19, ta rufe a 2007. Yaron birnin da ke son koyo yanzu sai ya nufi wurare irin bargar da ke lambun Van Cortlandt a Bronx ko ta bakin ruwan Jamaica Bay a Brooklyn, kuma ɗaya daga cikin manyan tarukan da ke kusa da shi shi ne Hampton Classic, wanda ake yi a Bridgehampton ta Long Island a ƙarshen Agusta.