Tsutsar da Ke Rayuwa a Cikin Hawayen Kare

A shekarar 1989 wasu likitocin dabbobi biyu, Rossi da Bertaglia, suka ba da rahoton abin da ba a taɓa gani ba a nahiyar Turai. A yankin Piedmont da ke arewacin Italiya, an ɗaga fatar idon kare aka tarar da fararen tsutsotsi, da ransu, suna wutsil-wutsil a kan ƙwayar idon. Kowace ɗaya kamar guntun farin zaren ɗinki, mafi tsawonsu ba ta cika santimita biyu ba.

Tsutsar ba baƙuwa ba ce ga masana. Tun 1910 wasu Faransawa biyu, Railliet da Henry, suka yi bayaninta bayan an ciro ta daga idon wani kare a yankin Punjab, suka raɗa mata suna Thelazia callipaeda. A 1917 kuma wani likita a Beijin ya zaro ta daga idon mutum. Daga nan aka riƙa samun ta a ƙasar Sin da Japan da Koriya da Indiya, har Turawa suka yi mata laƙabi da tsutsar ido ta Gabas, suka ɗauke ta a matsayin matsalar ƙauyukan Asiya. To me ya kawo ta Italiya?

Da aka soma dubawa da gaske, sai aka ga abin ya wuce kare ɗaya ko biyu. A Basilicata, wani yanki mai duwatsu da dazuka a kudancin ƙasar, binciken da aka wallafa a 2003 ya nuna sama da kashi 40 cikin 100 na karnukan da aka duba suna ɗauke da ita. Karnukan makiyaya ne da na mafarauta, masu kwana a waje. Tsutsar kan ɓuya a ƙarƙashin wani siririn tantani da kare ke da shi a kusurwar ido ta wajen hanci, wani lokaci ma har cikin hanyar hawaye. Jikinta yana da kaushi, don haka duk motsin da ta yi sai ta kankari idon. Sai ka ga kare yana zubar da hawaye ba dare ba rana, ido ya yi jawur, kwantsa ta taru, yana ƙyafta ido yana goga fuska a ƙasa ko yana susa da ƙafa. In abin ya daɗe, gyambo ya fito a baƙin idon, gani ya soma raguwa. Wani karen kuwa yana ɗauke da tsutsa da yawa amma ba alamar komai, shi ya sa ta daɗe ba a farga da ita ba.

Tambayar da ta fi ba masana wahala ita ce yadda take tashi daga wannan ido ta shiga wancan. Tsutsa ba ta da fiffike. An san danginta da ke damun shanu ƙudaje ne ke ɗaukar su, saboda haka zargi ya fara sauka kan ƙudan gida da kowa ya sani. Domenico Otranto na Jami'ar Bari da abokan aikinsa suka gwada shi, a ɗakin bincike da kuma a daji, suka wanke shi a 2005: 'ya'yan tsutsar ba sa girma a cikinsa.

Sai suka koma dazukan Basilicata da ragar kama ƙwari. Wani lokaci su rataye ruɓaɓɓun 'ya'yan itace a matsayin tarko, wani lokaci mutum ya tsaya cik, ƙananan ƙudaje su taru suna shawagi a gaban idonsa, a kaɗa raga a kwashe su. Ɗaruruwan ƙwari suka tara, suka feɗe su a ƙarƙashin madubin likita. A nan asiri ya tonu. Mai laifin wani ɗan mitsitsin ƙuda ne mai suna Phortica variegata, daga dangin waɗanda ke bin ayaba da mangwaro idan sun ruɓe. Abin mamaki, a cikin waɗanda aka kamo daga daji, maza kawai aka samu da tsutsar. Mun saba da cewa macen sauro ce ke cizo ta sa zazzaɓi. A nan namijin ne ke da ƙishin hawaye, macen ta fi son ruwan 'ya'yan itace.

Ga yadda abin ke gudana. Uwar tsutsa tana zuba 'ya'yanta a cikin hawayen kare. Ƙudan ya sauka ya sha hawayen, ya haɗiye su. Su yi mako biyu zuwa uku a jikinsa suna girma, sannan su gangaro bakinsa su jira. Da ya sauka a wani idon, su silale ciki. Cikin kamar wata guda sun balaga, sun soma haihuwa. Ba cizo, ba jini, ba ciwon da dabba za ta ji ta kore shi.

Kuma ƙudan ba ruwansa da idon wane ne. A dazukan nan an sami tsutsar a idon yanyawa da kyarkeci da kyanwar daji da zomo. Ma'ana, ko da an yi wa duk karnukan ƙauye magani, daji na nan riƙe da iri. A 2008 Otranto da Dutto suka ba da rahoton mutum huɗu da suka kamu a Italiya da Faransa, su ne na farko a Turai. A ƙasar Sin, inda aka lissafa ɗaruruwan mutane, yawanci ƙananan yara ne da tsofaffi a karkara, wato waɗanda ba sa iya korar ƙuda daga fuskarsu. Wannan shi ne abin da ya fi taɓa mini zuciya a labarin nan gaba ɗaya.

Daga Italiya sai ta bazu: Faransa, Suwizalan, Sifaniya, Fotugal, Girka, Sabiya, Romaniya. Da aka auna ƙwayoyin gadon tsutsotsin, sai aka ga na Asiya iri-iri ne, na Turai kuwa duk zubinsu ɗaya, abin da ke nuna tsatsonsu guda. A 2017 aka wallafa labarin karnuka uku da aka same su da ita a Birtaniya, dukansu sun fito ne daga ƙasashen Turai ko sun je can da iyayen gidansu. Dokar shiga da kare ƙasar ta tilasta rigakafin haukan kare da maganin tsutsar ciki, amma wannan maganin ba ya taɓa ta ido. Ta wuce kan iyaka da takardu cikakku.

Saura Amurka. Ƙudan ya daɗe da zama a jihar New York, tsutsar ce babu. Otranto da wasu masana suka samo ƙudajen can, suka ba su 'ya'yan tsutsar, suka ga sun girma lafiya lau. A 2018 suka wallafa sakamakon tare da gargaɗi cewa karnuka masu ɗauke da ita za su iya kafa cutar a can. A watan Nuwamban 2020, a gundumar Dutchess ta jihar New York, aka kai wani kare jinsin Labrador asibiti, idonsa na ta zubar da hawaye. Da aka wanke hanyar hawayen, sai ga tsutsotsi sun fito. Karen bai taɓa barin ƙasar ba, kuma zubin tsutsar irin na Turai ne. A 2023 aka same ta a idon wani baƙin beyar da mafarauci ya harbe a Pennsylvania. Ta shiga dajin Amurka ke nan.

Abin takaicin shi ne maganinta ba wuya. Likita zai ɗiga maganin kashe zafi a ido, ya ɗaga tantanin, ya tsince tsutsotsin da hantsaki, ya wanke wurin. Magunguna irin su moxidectin da milbemycin suna gamawa da sauran. A ganina rashin dubawa ne ya ba ta dama, domin jan ido da kwantsa sun yi kama da ciwon ido na yau da kullum, sai a ba da maganin ɗigawa a sallami mai kare, tsutsa na kwance a ƙarƙashin tantani tana haihuwa.

Mu ma muna da abin lura. Danginta masu shiga idon shanu suna nan a Afirka, kuma ana shigo da karnuka daga Turai zuwa biranenmu don gadi da kiwo. Idan karenka na farauta ko na gadi, ko saniyarka, ta yi makonni ido na zuba kuma magani ya ƙi ci, kada ka sa hannu ko tsinke a ciki. Kai ta wurin likitan dabbobi, ka roƙe shi ya ɗaga tantanin nan ya duba ƙarƙashinsa.