Tarihin Kai da Zauren Marubuta: Wa Zai Yi Maka Tambayar?

Wanda ya bi sawun labaran rayuwar Hausawa da suka fara shiga takarda zai tarar kusan kowannensu akwai wani zaune a gefe yana jefo tambaya. Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bawa tun yana yaro, ya bi Heinrich Barth har Ingila a 1855, a can ne ɗan mishan J. F. Schön ya zaunar da shi yana rubuta abin da yake faɗa, labarin ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Baba ta Karo ta zayyana wa Mary Smith rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, littafin bai fito ba sai 1954, bayan ta rasu. Na Alhaji Mahmudu Koki, malamin Kano da ya taya Bargery aikin ƙamus, Neil Skinner ne ya tattara shi aka buga a 1977. Kai, hatta Abubakar Imam, da duk kaifin alƙalaminsa, tarihinsa sai da Abdurrahman Mora ya haɗa shi ya fito a 1989, shekara takwas bayan rasuwarsa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mun taso ana gaya mana yabon kai jahilci, ciki kuma ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Macen da ba ta iya kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari a gaban mutane, yaya za ta zauna ita kaɗai ta rubuta daren da aka kai ta ɗakin miji? Shi ya sa idan Bahaushe ya ɗauki biro ba mai tambayarsa, abin da ke fitowa kan yi kama da takardar neman aiki: an haife ni a gari kaza, na yi firamare, na kama aiki, na sauke farali. Manyan 'yan siyasa sun rubuta nasu, Sardauna ya fitar da My Life a 1962, Shehu Shagari ya fitar da Beckoned to Serve a 2001, amma da Turanci, kuma al'amuran ƙasa ne suka fi cika shafukan.

Sirrin cikin gida kuwa cikin ƙagaggen labari ya gudu ya ɓuya. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a 1990, kuma mai karatu ba ya bukatar a gaya masa daga ina zafin littafin ya fito. Ta kasance cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama a Kano tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba, ƙungiyar da ta nuna marubuta na iya riƙe juna ba tare da jiran babban kamfanin ɗab'i ba: a duba rubutun juna, a nuna wa sabon shiga maɗaba'a, a tallata littafin wani a bangon na wani. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta ƙara buɗe wa mata wannan ƙofa. A ganina da yawa daga labaran nan rayuwa ce tsagwaronta, suna kawai aka sauya.

To mai son ya rubuta nasa da sunansa fa? A nan zaman marubuta ke da amfani, irin wanda rassan ƙungiyar marubuta ta ANA da ƙananan ƙungiyoyin unguwa ke yi. Wani ya miƙe ya karanta: "Mahaifina mutum ne mai haƙuri." Kowa ya gyaɗa kai, sai wani dattijo daga baya ya ce, "Ɗan nan, wace rana ka ga haƙurin nasa da idonka?" Mai karatu ya yi shiru, sannan ya tuna ranar da ruwa ya ci rumbu, mahaifin ya tsaya cikin taɓo yana tsince damman gero ɗaya bayan ɗaya, bai ce uffan ba. A zama na gaba shafi uku zai zo da su a kan wannan yinin kaɗai, kalmar haƙuri ma ba sai ta fito ba. Aikin da Mary Smith ta yi wa Baba kenan, sai dai yanzu mai tambayar ya san mene ne rumbu, ya kuma san inda kunya za ta sa ka kauce.

Akwai wani taimakon da ba a cika lura da shi ba, na tsayar da lokaci. Iyayenmu ba da lambar shekara suke lissafi ba. Za a ce maka an haife ka shekarar da aka canza hannun tuƙi, ko an yi auren gwaggonka bayan canjin kuɗi, ko kakanka ya rasu daminar da ta biyo kisan Murtala. A zaure ba a rasa mai cewa na farko 1972 ne, naira ta maye gurbin fam a 1973, Murtala kuwa Fabrairun 1976. Nan take labarin da ke yawo ya samu turke.

Ba kowane zama ne ke yin wannan aiki ba, gaskiya. Wasu, musamman na WhatsApp, sun koma wurin raba "Allah ya ƙara basira" da "alƙalaminki ya fi takobi", mutum ya shekara bai ji an ce sakin layin nan bai yi ba. Sannan ga babbar matsala: a garuruwanmu wanda ke sauraronka ya san ƙanin babanka, ƙila ma surukinsa ne. Mai karanta rikicin gadon gidansu da yamma na iya tarar da maganar ta riga shi isa gida. Ƙungiyar da ke son mambobinta su rubuta gaskiya dole ta ɗaure kanta da amana tun ranar farko, abin da aka ji a zaure ya tsaya a zaure. Ita ce kuma za ta taya marubuci yanke shawara mai wuya: wa za a sauya wa suna, wa za a je a nemi izininsa kafin a buga, wane babi ne za a ajiye a akwati sai bayan ran wasu.